Kwana Takwas a Tankin Lemo

Duk wanda ya taɓa zama a shagon askin Palmetto Bend a shekarar da aka je wata ya san cewa inci ɗaya ne ya hana Delmar Tuggle tafiyar. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Wai an gwada zuciyarsa, an gwada idonsa, likitoci sun taru suna jinjina kai, sai da aka zo awon tsawo aka ga ya ɗara ƙa'ida da inci guda. Mu da muka san shi tun yana yawo ba takalmi mun san tsayinsa bai kai na firji ba, amma ba wanda ya taɓa zuwa shagon da abin awo. Abin da ba a musu a kai shi ne yana aiki a tashar harba roka da ke hayin kogi. Ciyawar gefen titi yake yankewa da tarakta, kuma an ba shi kati mai hoto wanda yake maƙalawa a aljihun riga har ranar Lahadi a coci. In zai buɗe baki sai ya fara da "mu da muke harkar wata".

Abu ɗaya Delmar yake so a duniya, farar hular kwano ta shugaban 'yan kwana-kwanan garinmu. Ƙungiyar sa-kai ce, mutum ashirin da uku da mota ɗaya, amma mai farar hula shi ke gaba a faretin huɗu ga Yuli, ranar 'yancin ƙasa, shi ake fara zuba wa abinci a kowane taro. Shekara goma sha ɗaya Delmar yana nema yana shan ƙasa. A wannan shekarar tsohon shugaba ya sauka, aka sa zaɓe ranar Asabar ashirin da shida ga Yuli. Abokin takararsa kuwa Hollis Rainey ne, yayan matarsa Ozella, mai gyaran injin kwalekwale, mutumin da ba ya magana sai ta kama dole, in ya yi ta kuma sai ta yi zafi. Dokar ƙungiya ta ce ɗan takara sai ya tsaya da ƙafarsa a cikin zauren ƙungiya ranar zaɓe. An kafa ta ne tun shekarar da aka zaɓi wani dattijo, daga baya aka gano ya kwana biyu da rasuwa a gonarsa.

Ana saura mako guda a harba kumbon, Delmar yana kan kujerar aski, ya ce shi bai ga abin kururutawa a tafiyar nan ba. Zama ne kawai a cikin gwangwani kwana takwas, wanda ko makaho zai iya in an nuna masa kujera.

Hollis yana jiran layi, bai ɗago daga jaridarsa ba ya ce, "Kai da huɗubar minti arba'in ma sai ka fita sau biyu."

Baki shi ke yanka wuya. Kafin a gama masa gyaran ƙeya Delmar ya rantse, kafin la'asar an rubuta yarjejeniya a gaban Fasto Purifoy. Delmar zai shiga kumbon da zai ƙera da hannunsa, ya yi duk abin da mutum ukun da za a harba zuwa wata za su yi, rana bi rana. In ya karya, ya janye daga takara. In ya cika, Hollis ya janye. Fasto ya so ya tsaya nan, amma Delmar ya ga takardar ta yi gajarta ga mutum irinsa, ya sa aka ƙara "daga farko har ranar da za a sallame su zuwa gidajensu". Ya sa hannu da girman da ya cinye rabin shafi.

Da ya gaya wa Ozella a kan abincin yamma, ta dube shi, ta dubi tasa, ta ce ya tabbata ya fitar da shara kafin ya tashi.

Kumbon tsohon tanki ne na masana'antar matse lemo, wanda aka yar saboda tsatsa. Delmar ya yanka masa ƙofa, ya huda taga mai faɗin faranti, ya sa kujerar tsohuwar mota a kwance. Ya shafe shi da baƙin fenti domin shi ne ya rage a zaure. A madadin rediyo ya zura mesar ban-ruwa ta wani rami, ya sa mazurari a kowane baki, ya ja ɗayan ƙarshen zuwa inuwar bishiyar da 'yan ƙungiya ke zama, ya ce nan ce cibiyar kula da tafiya. Aka ɗora tankin a filin da ke tsakanin zaure da gidan Misis Nettie Boggs, gwauruwa mai shekara tamanin da ba ta ji sosai kuma ba ta yafiya ko kaɗan.

Safiyar Laraba garin ya cika ya batse. Motoci daga jihohin da ba mu taɓa jin sunansu ba sun yi layi a bakin kogi. Delmar ya fito cikin fararen kayan masu fenti da hular babur, yana ɗaga hannu, ya ga jama'a sun fi dubu, ya ce wa Fasto shi bai zaci labarin ya yi nisa haka ba. Ya shiga, aka rufe shi. A ƙarƙashin tankin ya jera duk kayan wasan wutar da suka rage daga bikin huɗu ga Yuli, ya ja lagwani zuwa ciki. Da rediyo ta fara ƙirga daga goma zuwa ɗaya, mutum dubun nan suka juya gaba ɗaya suka ba shi baya, domin roka ta gaskiya ta can hayin kogi take tashi. Ƙasa ta girgiza, mata suna kuka, maza sun cire huluna. A bayansu kuwa kayan wutar Delmar suka tashi a kwance maimakon a tsaye, suka bi ta shingen Misis Nettie, suka cinye zannuwan gado uku da ta shanya. Hollis ne kaɗai ya waiwaya. Ya ɗauki bokiti ya kashe wutar, ya dawo ya ci gaba da kallon sama.

Muryar Delmar ta fito ta mazurari tana tambayar yadda tashin ya yi kyau daga waje.

Hollis ya ce, "Lafiya lau. Kana nan inda muka bar ka."

Kafin azahar baƙin fenti ya fara aikinsa. Rana ta Yuli a garinmu ba ta wasa, wanda ya taɓa tankin sai ya yarfe hannu. Delmar ya ce wannan ba matsala ba ce ga wanda ya san aiki, domin kumbon gaskiya juyawa yake a hankali don kada rana ta gasa gefe guda. Ya ba da umarni a kawo ƙaton ƙarfen da ƙungiya ke gasa maraƙi sukutum a kai duk shekara. Aka kawo, aka ɗaure tankin da sarƙa, mutum biyu suka kama mariƙin juyi. Abin da ya manta shi ne a sararin sama babu ƙasa babu bisa, a Palmetto Bend kuwa akwai. Juyi na farko muka ji tulun ruwa ya faɗi, na biyu akwatin kayan aiki, na uku Delmar da kansa. Ya ce a ci gaba, haka ake yi. A juyi na tara ya ce a dakata tukuna, cibiya ta sake lissafi. Zafi kuma ya narkar da tsohon kitsen da ke jikin ƙarfen, ƙamshi ya tashi, karnukan garin suka taru suka kewaye tankin suka zauna suna jiran ya nuna. Daga ƙarshe aka sauke shi, aka kafa masa laimar jana'iza da Fasto ya aro.

Wataƙila laimar ce ta jawo abin da ya biyo baya. Abincin Delmar dai ya shirya shi irin na masu tafiya wata, faten tsakin masara da niƙaƙƙiyar gyaɗa a cikin kwanson man goge baki guda arba'in da ya tara a maƙwabta. Bai wanke su ba, don haka kowace loma ɗanɗanon na'a-na'a take yi. Amma a garinmu, gidan da aka ga laimar jana'iza, ko aka ji wani yana cikin wahala, matan coci ba sa tambaya, girki suke ɗorawa. Ranar Alhamis Misis Purifoy ta iso da tasa rufe da adiko, wake da zuma da albasa. Delmar ya ce dokar tafiya ta hana. Ta ce ita shekara talatin tana kai abinci gidajen mutane ba a taɓa mayar mata da tasa cike ba, kuma za ta so ta san abin da za ta gaya wa ƙaninta, wanda yake da ƙuri'a ranar Asabar. Delmar ya buɗe taga.

Da labari ya bazu cewa ya cinye na matar Fasto, sai sauran suka ga an yi musu gori. Kowace tana da miji ko ɗa ko suruki a ƙungiya, kowace kuma ta tsaya a taga har sai ta ga gindin tasarta. Wake da naman sa. Taliya da cuku. Kabeji. Wake kuma. Misis Nettie ma ta kawo, ba don ta huce ba, sai don kada a ce ita ce ba ta kawo ba, ta tsaya tana kallonsa yana ci tana lissafa masa zannuwanta ɗaya bayan ɗaya.

Ba sai na yi dogon bayani ba. Abin da ya shiga dole ya nemi hanya, tankin lemo kuwa ba shi da makewayi. Delmar ya kira cibiya cikin ƙasƙantar da murya, ya nemi a ba shi minti biyar a bayan zaure. Aka ɗauko jarida aka duba. Jarida ta ce su ma mutum ukun leda suke amfani da ita, su ɗaure, su ajiye a cikin kumbo har su dawo. Hollis ya je kanti ya sayo leda da kuɗinsa, ya ce a matsayinsa na suruki ba zai bari a ji kunya ba. Zuwa ranar Asabar karnuka sun watse da kansu. Cibiyar kula da tafiya ta nemi ƙarin mesa ta koma tsallaken titi. Matan coci ba su fasa ba, sai dai yanzu a kan dogon cokali mai yatsu na kwasar ciyawa suke miƙa tasa.

Duk da haka bakin Delmar bai mutu ba. Ta mazurari yake ba mu labarin yadda duniya ta koma ƙarama, alhali abin da tagarsa ke kallo bangon zaure ne da famfo. Abin da ke riƙe da shi ranar Lahadi ce, ranar sauka a wata. Ya riga ya sa an zuba yashi mota guda a gaban tankin, an kafa tsani. Zai fito ya yi awa biyu yana takawa, ya sha iska, ya miƙe ƙafa, kuma tun ranar Juma'a yake haddace jawabin da zai yi.

Bayan an tashi daga coci jama'a suka taru daga inda iska ke busowa. Delmar ya ce a buɗe. Hollis ya yi gyaran murya ya tambayi Fasto ko mutum nawa ne za su taka wata. Fasto ya ce biyu. Na ukun fa? Fasto ya ce shi yana can cikin uwar kumbo yana kewayawa, yana tsaronta har su dawo.

Hollis ya ce, "To in wannan ya fito, wa zai tsare tankin?"

Delmar ya ce ta mesa, "Hollis, kai dai ba ka da tsoron Allah. Ni ne duka ukun."

"Ba a taɓa barin kumbo ba kowa ba. Ka nemo wanda zai shiga ya riƙe maka, ka fito."

Aka yi cigiya ko akwai mai shiga. Mutum ashirin da biyu suka sunkuyar da kai suna duba takalmansu. Aka tambayi Ozella, ta ce ita alkawarin da ta ɗauka a coci na zama da shi ne cikin wadata da rashi, ba a ambaci tanki ba. Fasto ya yanke hukunci cewa Delmar shi ne na ukun. Haka ya je wata bai taka ba, yashin kuma kyanwowin unguwa suka amfana da shi.

Ranar Talata Misis Nettie ta ga mesa kwance a kan iyakarta, ta cire mazurari, ta haɗa da famfo don ta shayar da tumatir. Ta buɗe har ƙarshe, ta ga ruwa bai fito ba, ta tafi ta bar shi. Delmar yana tsakiyar yi wa cibiya bayanin taurari ruwan ya same shi a kunne. Kafin a gano, ya kai masa ƙugu, kuma duk abin da ke ajiye a cikin tankin ya taso yana iyo. Aka huda gindin tankin aka tsiyaye. Ciyawar wurin har yau ta fi ta ko'ina kore.

A nan ne ra'ayin gari ya fara juyawa. Mun yi dariya har cikinmu ya yi ciwo, amma mutumin nan bai buɗe ƙofa ba. Muryarsa ta dushe, sauro ya mayar da fuskarsa kamar ɗanwake, labarin taurari ya ƙare, sai dai in an tambaye shi ya ce komai na tafiya bisa tsari. 'Yan ƙungiya suka fara cewa wanda ya jure wannan, hayaƙin gobara ba zai kore shi ba. Na ƙirga da kaina a shagon aski, mutum goma sha huɗu sun koma bayansa. A shekara goma sha ɗaya bai taɓa wuce uku ba.

Ranar Alhamis da rana kumbon gaskiya zai faɗo cikin teku, don haka aka kawo janwe ta ɗauki tankin zuwa mashigar kwalekwale. Delmar ya riga ya ɗaura wa tankin tif ɗin tayar babbar mota guda uku don kada ya nutse. Aka saki sarƙa, tankin ya faɗa kogi, ya nutse, ya taso ƙafa a sama, domin a gindi ya ɗaura tif ɗin. Mai shagon kayan kamun kifi da ya fito da talabijin bakin ƙofa ya ce abin mamaki, na gaskiyar ma a kife ya faɗo. Hollis ya tura kwalekwale ya juya tankin da sanda, ya toshe hanci ya buɗe ƙofa. Delmar ya rarrafo ya zube a kan yashi, ƙafafunsa sun manta aikinsu. Aka yi tafi, tafi na gaskiya. Ya ɗago kai, ido ya ciko da hawaye, ya ce wa Hollis ya fara goge farar hula.

Ozella ce ta ce, "Ku dubi akwatin nan."

A talabijin ana nuna mutum ukun. Ba gida aka kai su ba. An sa musu wasu kaya da suka rufe su ruf, an wanke su da magani, aka tura su cikin wani ɗakin ƙarfe aka kulle, suna ɗaga hannu ta gilashi. Mai sharhi ya ce za a killace su har goma ga Agusta, don ba a san irin cutar da mutum zai iya kwasowa a wata ba. Fasto ya zaro takardar daga aljihu, ya karanta layin da Delmar ya sa aka ƙara, ya ninke ta a hankali.

Aka wanke Delmar da mesar motar kwana-kwana da maganin wanke dabe, wanda dama kowa ya yi niyya. Aka saka shi a ɗakin tafi-da-gidanka da Hollis ke zuwa kamun kifi da shi, aka jawo shi ƙofar zaure, taku ashirin daga inda za a yi zaɓe. Gaba kura baya sayaki. In ya fito ranar Asabar ya karya alkawari, ya janye. In ya zauna bai tsaya a zaure da ƙafarsa ba, doka ta cire shi.

Safiyar Asabar garin ya sake taruwa. Fasto Purifoy mutum ne mai tausayi, ya kwana biyu yana neman mafita, kuma ya samo. Ya tsaya a tagar ɗakin ya ce killacewa don wanda ya je wata aka yi ta. In Ɗan'uwa Delmar zai faɗa a gaban jama'a cewa shi bai je ko'ina ba, tankin lemo ne kawai a bayan zaure, kuma ciyawa yake yankewa a tashar, to babu cuta babu killacewa. A yaga takarda, ya fito, a yi zaɓe kamar kowace shekara. Hollis ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yarda, ko da yake shi ma ya iya ƙirga zuwa goma sha huɗu.

Ozella ta matso jikin gilashi ta ce, "Delmar, magana ɗaya ce. Kowa ya riga ya sani. Ka faɗa ka fito ka ɗauki hularka."

Ƙofar zaure a buɗe take, daga inda yake yana hango farar hular a kan tebur. Ya dube ta ya daɗe. Allah ya sani na tausaya masa, domin na ga leɓensa yana motsi yana gwada maganar. Ya dubi mai aski, ya dubi matan coci, ya dubi 'yan ƙungiya da ke jira. Hannunsa yana kan mariƙin ƙofa. Sai ya sake shi, ya gyara wuyan rigarsa.

Ya ce, "Fasto, na gode. Amma ba zan jefa garin nan cikin haɗari saboda hula ba. Ba wanda ya san abin da na kwaso a can."

Ya ja labule. Muka shiga zaure muka zaɓi Hollis babu hamayya, hular ta yi masa daidai. Ozella ta tsaya a waje ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta ƙwanƙwasa gilashin ta tambayi ko mutanen wata suna cin wake, domin matar Fasto tana hanya da tasa.